Tattaki A Bakin Dogo: Wa Zai Sake Koya Mana Tsoron Jirgi?

Duk wanda ya yi zaman Samaru ta Zariya ya san Hayin Dogo. Sunan unguwar kansa kwatance ne: ka bar babban titin da ya nufi Funtuwa, ka kutsa cikin gari, ka tsallake ƙarfen jirgi, to ka shiga Hayi. A can na sauka cikin hunturun nan, gidan wata yayata, kuma da hantsin kwana na biyu na fito ni kaɗai na bi gefen dogon a ƙafa, ina so in ga yadda zamani ya yi da shi.

Dogon yana nan, amma ya zama na kowa. A wani wuri mata sun shanya barkono da kuɓewa a tsakanin ƙarafan biyu, domin nan ne ya fi tudu, ya fi samun rana. A wani wurin mai shayi ya tokare bencinsa da ƙarfen don kada ya yi rawa. Almajirai sun jeru a kansa suna cin ɗumame, awaki suna kiwo a ciyawar da ta tsiro cikin tsakuwa, ga juji ya binne wani sashe har sai ka tona da ƙafa kafin ka ga tsatsa. Na wuce wani saurayi a kishingiɗe, ya yi matashi da ƙarfen, ya toshe kunnuwansa yana sauraren waƙa a waya. Duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar abu guda. Na daɗe a tsaye a inda wata turba ta ratsa dogon, ina kallon masu wucewa, ’yan makaranta da ’yan acaɓa da masu tura kura, ban ga mutum ɗaya da ya waiga dama ko hagu ba.

Ban ga laifinsu ba. Wannan reshe da ya bi ta Samaru shi ne wanda ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, aka kammala shi a 1929, ya shekara da shekaru yana kwaso auduga da gyaɗa da shanu. Yau ba kasafai ake ganin komai a kansa ba. Wanda aka haifa ya tarar da ƙarfe a kwance shiru, ya yi wasan ƙasa a gefensa, ya girma har ya yi aure, ta ina zai san abin tsoro ne? Mu da muka taso kafin jirgi ya gama ɗaukewa, da tsoronsa aka yaye mu. Ba wai ba mu yi ƙiriniya ba. Mukan ɗora ƙusa a kan dogo mu koma nesa mu laɓe, idan jirgi ya wuce mu ɗauko ta da zafinta, ta baje ta zama ’yar wuƙa. Sai dai wannan wasan banza shi ya fara karantar da mu, don yaron da ya ga abin da ƙafar jirgi ta yi wa ƙusa ba ya buƙatar a bayyana masa abin da za ta yi wa tasa ƙafar.

In faɗi gaskiya, ba begen da kaɗai ya fito da ni ba. Ɗan yayar tawa, saurayi da ya gama sakandare yana jiran abin da Allah zai yi, ya samu aikin yini a hannun wani ɗan kwangila, can nesa da gida: share ciyawa da yashe magudanan ruwa a gefen wani layi da jirgi ke bi da gaske. Ya zo hutun ’yan kwanaki, ya fito da rigar nan mai ƙyalli da hular kwano yana nuna mini cikin alfahari. Na taya shi murna, sannan na tambaye shi abin da aka koya musu kafin su fara.

“Nuna mana wurin aka yi, Kawu, aka ce daga nan zuwa can.”

“To idan jirgi ya taho fa, wa ke gaya muku?”

Ya yi dariya. “Haba Kawu, abu kamar jirgi? Ai tun daga nesa za mu ji ƙararsa.”

Da wannan amsa na kwana, da ita na tashi. Washegari na nufi Sabon Gari neman wanda ya fi ni sanin lamarin.

Sabon Garin Zariya ɗan jirgi ne. Tashar ce ta fara zama, sannan kantunan kamfanonin Turawa suka kewaye ta, har yau ga sunan ɗayansu nan ya maƙale wa unguwar PZ, sannan gidajen ma’aikata da na akawuna da masu sana’a da suka biyo dogo daga Kudu. An faro layin daga Baro a bakin kogin Neja a 1907, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a Minna a 1912. Daga Zariyar nan kuma wani ɗan siririn layi ya taɓa hawa tsaunin Jos don kwaso kuza, har aka rufe shi a 1957. Waɗanda suka yi aikin farko talakawa ne da aka tattaro ta hannun hakimai da dagatai, da yawansu ba da son ransu ba. Abin ya girgiza ƙasar Zazzau har Sarki Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya tsara masa waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga. Kayan aikin leburan ne ya ba hanyar sunanta, shi ya sa har gobe muke cewa digar jirgi. Harshenmu bai manta da leburan dogo ba, ko da masu tsara kasafi sukan manta da shi.

Wani aboki ya kai ni wajen wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran dogo, ya kai matsayin heluma, wato shugaban rukunin leburori, kafin ya yi ritaya. Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, so nake ka gaya mini yadda ake karɓar sabon yaro a zamaninku.”

“Ɗana,” in ji shi, “ba a ba yaro diga ranar da ya zo. Tuta ake fara nuna masa.”

Daga nan bai ƙara buƙatar tambaya ba. Ya ce ja tsayawa ce, kore wucewa, kuma wanda idonsa ba ya rarrabe su ba shi da aiki a dogo komai ƙarfinsa. Kowace safiya akwai mutum guda da ke taka yankinsa a ƙafa da guduma da sufana, yana duba kowace mahaɗa, yana ɗaure abin da ya kwance. Layin namu guda ne, don haka jirgi na iya fitowa ta gaba ko ta baya, ba a ba kowane ɓangare amana. Ba a taka kan ƙarfe, tsallake shi ake yi, saboda raɓa da baƙin mai suna sa shi santsi. Ba a sa ƙafa a tsakanin harsunan ƙarfen da ake karkatar da jirgi daga layi zuwa layi, don idan suka haɗe ba a zare ta. Ba a ratsawa ta ƙarƙashin tarago ko ta tsakanin taragai biyu, ko da sun kwana uku a tsaye. Idan aka buɗe dogo don babban gyara, ana aika mutum nesa da jar tuta, ya maƙala wasu ’yan gwangwanaye masu albarushi a kan ƙarfe, yadda idan jirgi ya taka za su fashe da ƙara, direba ya san akwai matsala a gaba ko da bai ga tutar ba.

Amma inda ya fi daɗewa shi ne kan mutum guda. “Kowane rukuni muna ware ɗaya,” ya ce. “Ba ya taɓa shebur, ba ya taɓa diga, ba ya hira da kowa, ba a aikensa ɗebo ruwa. Aikinsa ido da usur. Idan ya busa, ko me ke hannunka ka fita da shi, ka tsaya inda aka nuna maka tun da safe. In kuwa ya gaji, a canza shi, amma ba a barin wurinsa babu kowa.”

Na gaya masa amsar da ɗan yayata ya ba ni. Ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, sannan ya ce, “Duk waɗanda na san jirgi ya taka, masu kunne ne.”

Maganar tsohon tana da hujja. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma inda suke haɗuwa bai wuce faɗin kwabo ba. Wannan santsi shi ya sa kai guda ke jan kayan tireloli masu yawa da mai kaɗan, shi ne kuma ya sa tsayawa ke da wuya. Kan jirgi kaɗai yakan kai tan 100. A Amurka, masu wayar da kan jama’a game da haɗurran dogo sukan tunatar cewa jirgin kaya mai gudun kimanin kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi bayan an ja birki kafin ya tsaya. Direba ba shi da sitiyarin da zai kauce da shi. Idan ya hango mutum, abin da ke hannunsa oda ce da birki da salati. Gangar jirgin kuma ta fi dogon faɗi, takan zarce ƙarfen da kusan mita guda ta kowane gefe, don haka wanda ya matsa taku ɗaya ya tsaya yana ganin ya kauce, bai kauce ba. Ido ma yana yaudara. Babban abu idan ya tunkaro ka sai ka ga kamar rarrafe yake yi, kamar yadda jirgin sama mai sauka yakan yi kama da wanda ya tsaya cak a iska.

Kunne kuwa, wanda yaron namu ya jingina ransa da shi, shi ne mafi rauni a cikinsu. Tsohon dogo guntu-guntu aka jona shi, jirgi na tafe yana kiɗa a kowace mahaɗa, ana jin sa tun daga wani ƙauye. A sabon salon shimfiɗa kuwa walda ake yi wa ƙarafan su zama zare guda, kiɗan ya tafi. Ƙara da iskar hunturu mai kwashe sauti, da injin yankan ciyawa ko janareto a kusa, da hular sanyi da ta rufe kunnuwa, da mutum a sunkuye hankalinsa na kan shebur. A irin wannan hali yakan zama ganin jirgin da jin ƙararsa lokaci guda suke zuwa.

Bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda ɗan aji uku na sakandare zai iya. Jirgi mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A ce leburori na buƙatar daƙiƙa 15 su kwashe kayan aiki su fice, a kuma ƙara musu daƙiƙa 10 na tsayawa a amintaccen wuri kafin jirgin ya iso. Daƙiƙa 25 ke nan, wato dole mai usur ya hango jirgin tun yana nisan mita 700. Da jirgin mai gudun kilomita 30 ne, irin tafiyar da tsohon layi ya saba da ita a shekarunsa na tsufa, mita 210 sun isa. To ranar da hazo ya sauko, irin wanda ke hana jiragen sama sauka a Kano, wa ke hango mita 700? Haka a kwana, haka inda dogo ya ratsa tsakanin tuddai. A nan ilimi ke shigowa: ko a tura mai duba na biyu can gaba ya riƙa miƙo gargaɗi, ko a nemi a rufe layin har a gama, ko a haƙura da aikin ranar. Wanda ba a koya masa wannan lissafin ba ba zai san ma akwai zaɓi ba.

Daƙiƙa 10 ɗin nan ba ni na ƙirƙiro ta ba, ƙa’idar Birtaniya ce, inda muka gaji yawancin dokokin reluwenmu. A can ba a barin mutum ya yi aiki a kan dogo, ko cikin mita 3 daga ƙarfe, sai yana riƙe da katin shaidar ya samu horo kan tsare kansa. Kafin a ba shi ana gwada idonsa da kunnensa, a yi masa gwajin giya da ƙwayoyi, ya zauna a aji, a fita da shi bakin dogo, ya ci jarrabawa. Katin kuma yana da wa’adi, idan ya ƙare sai an sabunta. Ana koya masa cewa amintaccen wuri shi ne aƙalla mita 1.25 daga ƙarfe mafi kusa, ko mita 2 inda gudun jirgi ya haura kilomita 160 a awa. Idan direba ya yi oda, ka fita, sannan ka ɗaga hannu ɗaya sama don ya san ka ji. Idan kai ne kake son tsayar da jirgi saboda haɗari, jar tuta ko hannu biyu a sama. Da dare jar fitila, in babu, kowace irin fitila ka kaɗa ta da ƙarfi. Kowace safiya kuma shugaban rukuni zai tara mutanensa ya faɗa musu gudun layin, da inda jirgi zai iya fitowa, da inda za su tsaya, da wanda ke duba musu. A Amurka doka ta ce ma’aikaci ya kasance ya fice daƙiƙa 15 kafin isowar jirgi. Idan ka cire kati da na’ura, kusan duk abin da dattijon Sabon Gari ya lissafa mini ke nan.

Kuma duk da wannan tsari suna yin asara. Ranar 3 ga Yulin 2019, a Margam da ke yankin Wales, jirgin fasinja ya kashe ma’aikata biyu, gogaggu ba sababbi ba. Suna aiki da inji mai ƙara, sun sa abin toshe kunne, direba ya yi ta oda ba su ji ba. Bincike ya gano ba a naɗa musu masu duba yadda ƙa’ida ta tanada ba. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma a bakin dogo gwani ya fi baƙo shiga wannan tarko. Bayan wannan haɗari hukumomin can suka ƙara ƙaimi wajen rage dogaro da mai tuta da usur, suka karkata ga rufe layi da na’urorin gargaɗi. Mu kuwa a wurare da dama mai usur ɗin ma muke nema.

Labarin da ya fi tuna mini da Hayin Dogo daga Indiya ya fito. Ranar 8 ga Mayun 2020, lokacin kullen korona, wasu leburori da ke komawa garinsu a ƙafa suka bi dogo kusa da Aurangabad, gajiya ta kama su suka kwanta a kansa. An dakatar da jiragen fasinja a lokacin, amma ba a dakatar da na kaya ba. Da asuba jirgin kaya ya bi ta kansu, mutum 16 suka mutu. Saurayin nan da na gani ya yi matashi da ƙarfe a Samaru, da irin wannan tabbacin ya kwanta.

Daga Zariya na wuce Kaduna, can ma sunan ya biyo ni: kasuwar Bakin Dogo, inda tumatir da albasa da attaruhu ke sauka a gefen tsohon layi. Ina cikin ratsa ta na ga ashe mun taƙaita ma’anar mai aiki a bakin dogo. Mai kayan miya da ke wuni a nan tun asuba, da ɗan dakon da ke tsallakawa da buhu a ka ba ya iya waigawa, da mai kurar da tayarta ke maƙalewa a ƙarfe, sun fi injiniyoyi da yawa daɗewa kusa da dogo a kowace rana. Ba su cikin rajistar kowa, ba mai kiran su taron bita.

Da yamma na shiga jirgi a Rigasa zuwa Idu. Wannan layi mai tsawon kilomita 186 an buɗe shi a Yulin 2016. Faɗinsa milimita 1,435 ne, saɓanin 1,067 na tsohon, an kuma tsara shi don gudun da tsohon bai taɓa mafarki ba. Kakau, Rijana, Jere, Kubwa, ina manne da taga. A wani wuri muka wuce wasu ma’aikata sanye da rigunan ƙyalli, sun jeru nesa da ƙarfe, kayan aikinsu a ƙasa, fuskokinsu na kallon jirgi. Na ji daɗin ganin haka, na ce ashe ilimin bai mutu ba. Can gaba kuma na ga turbobin ƙafa da suka ratsa dogon daga gona zuwa ƙauye, da wani yaro makiyayi riƙe da sanda, garkensa a warwatse a gindin tudun da muke bi ta kai. Tun harin 28 ga Maris na 2022, idan aka ce tsaron jirgin Kaduna, bindiga ke faɗo wa kowa a rai, kuma da dalili, don raunin bai warke ba. Sai dai tsoron ’yan bindiga ya danne mana wata magana da ba ta da amo: mutuwar ɗaiɗai, lebura yau, makiyayi gobe, wadda ba ta cika samun shafin farko ba.

Horar da ma’aikaci kaɗai ma ba ya isa, idan wanda zai yi biyayya ga tutarsa bai san darajarta ba. Ranar 9 ga Maris na 2023, a mahaɗar titin mota da dogo a Ikeja, jirgi ya yi awon gaba da wata bas ɗauke da ma’aikatan gwamnatin Legas, mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata. Rahotanni sun nuna masu tuta suna wurin, sun tsayar da motoci, direban bas ɗin ne ya kutsa. Duk wanda ya san yadda muke tuƙi a mahaɗun Kano da Kaduna ya san ba halin Legas kaɗai ba ne.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne jirgi yana hanyar dawowa, kuma ba wanda muka sani ba. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai kimanin kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A Yulin shekarar aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano, wanda zai ratsa ƙasar Zazzau. Mutanen Samaru mantawa suka yi, a ƙalla akwai tsofaffin da za su tuna musu. Daura da birnin Katsina da Maraɗi kuwa ba su taɓa zama da jirgin ƙasa ba, babu kakar da za ta ja kunnen jika, babu ƙusar da aka taɓa bajewa. Dogon zai yanke burtalai da hanyoyin gona da na kasuwa da aka shekara ɗaruruwa ana bi. Ga kuma gyaran kundin tsarin mulki na 2023 da ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, ma’ana ƙarin ayyuka, ƙarin ’yan kwangila da ƙananan ’yan kwangila, ƙarin samari irin ɗan yayata da za a miƙa wa riga da hula a ce daga nan zuwa can. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kayan aiki muka rasa ba. A Zariyar nan, kan hanyar Basawa, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, wadda mutanen gari suka fi sani da NITT, tun 1986. An kafa Jami’ar Sufuri a Daura. Dokar 2022 ta faɗaɗa aikin hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ya haɗa da na jiragen ƙasa. Abin da nake roƙo bai kai girman waɗannan gine-gine ba: darasin kwana ɗaya ko biyu, da Hausa, da Fulatanci inda ya kamata, a bakin dogo ba a otal ba, ga duk wanda zai ɗauki shebur kusa da ƙarfe, ko na dindindin ne ko na yini, a ba shi kati, a hana ɗan kwangila ɗaukar wanda ba shi da shi. Masu koyarwa ma suna nan zaune a ƙofar gidajensu a Sabon Gari da Kafanchan da Minna suna jiran fansho. Gwajin ƙwaya kuma kada a ji kunyar sa shi, don kowa ya san abin da wasu leburori ke haɗiya don su jure rana, kuma mai duba da ya yi mankas gara babu shi, tunda sauran sun saki jiki da shi.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne kuɗin mai usur. A idon ɗan kwangilar da ake biya bisa tsawon abin da aka share, mutumin da ya wuni a tsaye yana kallon sarari asara ce tsagwaronta. Muddin ladansa daga ribar ɗan kwangila zai fito, za a miƙa masa shebur da zarar mai sa ido ya juya baya. Sai an rubuta shi a takardar kwangila a matsayin abu mai zaman kansa, da kuɗinsa daban, an kuma ba lebura ’yancin cewa ba zan hau ba sai da mai duba, ba tare da ya rasa abincinsa ba. Na san za a ce in kwana ya ƙare babu makawa. Haka ne. Amma ban taɓa ganin wanda ya faɗi haka ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi gida ba.

Sauran jama’a kuma hanyar isa gare su sananniya ce, ita ce wadda aka bi lokacin rigakafin shan inna: rediyo, da masu unguwanni, da limamai, da malaman allo da na boko. A ƙara da sarakunan kasuwa, da shugabannin ’yan acaɓa da masu A Daidaita Sahu, da arɗo-arɗo, don su ne ake jin maganarsu a inda dogon zai bi.

Da na komo Zariya na zaunar da ɗan yayata a tsakar gida, na zana masa lissafin mita 700 a ƙasa da tsinke. Ya saurara, dariyar ta ɗauke. Ya ce shi ya gane, amma mai kula da su ya sha faɗa cewa wanda ya tsaya kallo ba shi da kuɗin yini, kuma akwai samari goma a bakin hanya da ke jiran gurbinsa. Ban ce masa ya bar aikin ba. Na san abin da ake dafawa a gidan da abin da ba a dafawa. Na dai shiga Sabon Gari na sayo masa usur irin na alƙalin wasa, na ce ya yi magana da abokan aikinsa su riƙa karɓa-karɓa, ko da a ɓoye ne, ya kuma fara tambayar inda zai tsaya kafin ya tambayi inda zai share. Uwarsa ta ga usur ɗin a wuyansa ta ce ko ƙwallo ya koma, ba wanda ya ba ta amsa.

Da safe na raka shi bakin hanya. Ya hau bayan acaɓa, jakarsa a cinya, hular kwanon a rataye a hannu. Da suka zo tsallake dogon Hayi na ga ya waiga dama, ya waiga hagu. Mai babur ɗin bai waiga ba.